Hoton sunanka da kyamara mai ido biyu

Wa alaikumus salam ɗana, saƙonka ya iso tun daren jiya amma ban amsa ba sai yanzu bayan asuba saboda tambayar taka ba irin wadda ake amsawa a tsaye bace. Kace ka buɗe tsohuwar adakar Hajiya ka tarar da hotunan sunanka, kaga goggonka ce ta riƙe ka, kakarka ma ta riƙe ka, har maƙwabta, amma babu ko ɗaya da mahaifiyarka ta ɗauke ka alhali ƙannenka duk suna da nasu, sannan kowa a hoton fuska a ɗaure ba mai dariya. Kace shin al'ada ce ko kuwa laifin kyamarar ne, waccan mai ido biyu da ka gani a ƙasan kayan. Toh ni kawunka, yayan mahaifiyarka, ni na ɗauki hotunan nan da hannuna a 1982, kyamarar ma tawa ce na bari a gidan, dan haka zauna ka karanta a nutse.

Bari in fara da kyamarar dan sai ka gane ta zaka gane hotunan. Yashica-D ce, 'yar Japan, bata cin batir ko kaɗan, komai nata da hannu ne. Asalin wannan fasali na Jamusawa ne, Rolleiflex da aka fara fitarwa a 1929 a garin Braunschweig, ita ce uwar masu ido biyu irin wannan kuma ita ce burin kowane mai hoto a zamaninmu, sai dai kuɗinta ba na yaro bane, shi yasa yawancinmu muka tsaya a Yashica, wasu kuma Seagull ta Sin ko Lubitel ta Rasha. Ubangidana da na koyi aiki a hannunsa a Sabon Gari nan Kano, Bayarabe ne mutumin kirki Allah ya jiƙansa, shi yana da Rolleiflex guda ɗaya kuma sai da na shekara biyu ina share situdiyo ina haɗa maganin wanki kafin ya yarda na taɓa ta. Kuma ba mu kaɗai ba, Malick Sidibé na Bamako a Mali da Sanlé Sory na Bobo-Dioulasso a Burkina Faso da yanzu Turawa ke rataya hotunansu a manyan gidajen tarihi, irin wannan kyamarar suka riƙe, aikin da suka yi na 'yan kwalisa da samari masu babur shi ne dai aikin da ake yi a kowane lungu na Fagge da Sabon Gari.

Idon sama na kallo ne, na ƙasa shi ke ɗauka. Baka ɗaga ta zuwa fuskarka kamar yadda kuke yi da waya, rataya ta kake a wuya ta sauka wajen cibiya, ka buɗe murfin sama ka sunkuyar da kai ka leƙa, sai kaga mutum a cikin wani gilashi mai kusurwa huɗu yana motsi kamar ƙaramin majigi. Wallahi har yau ban ga abinda ya kai wannan gilashin daɗin kallo ba, baya ya narke yayi laushi mutum ya fito shi kaɗai kamar zaka sa hannu ka taɓa shi. Amma fa dama tana komawa hagu a ciki, sabon shiga sai yace wa mutum matsa nan ya nuna masa can, sai ka daɗe hannunka da idonka suke sabawa. A Dabar Kaduna ta FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977 na bi ubangidana ina riƙe masa jaka, dawakai na sukuwa ta dama a gilashi suna tafiya hagu, nan na gane ba dan gudu aka yi ta ba, ta mutumin da ya zauna ce ya natsu.

Toh wannan sunkuyon shi ne abinda nake so ka riƙe. Ka san a tarbiyyarmu yaro baya zuba wa babba ido, kuma baƙon namiji baya tsura wa matar mutane ido, gaisuwa ma kai a ƙasa ake yinta. Kyamarar nan sai tazo ta dace da mu kamar dan mu aka ƙera ta, mai hoto yana gaban dattijo kansa a sunkuye hannayensa biyu a ƙirji kamar mai kwasar gaisuwa, dattijon baya jin an auna shi da wani abu, shi yasa zaka ga sun saki jiki sun zauna da girmansu. Gashi idon nata yana daidai ƙirjin wanda ke tsaye ko daidai fuskar wanda ke zaune a kujera, shi yasa kace kowa ya fito dogo da kwarjini, babbar riga ta zubo yadda ya kamata rawani ya tashi sama. Waya kuwa daga sama kuke ɗauka, kai yayi girma ƙafa ta tsuke. Da ƙananan kyamarori masu fim 35, wato mai faɗin milimita 35, suka cika gari wajen shekarun 1980 ni kaina na sayi ɗaya saboda kasuwa, kuma na ga yadda tsofaffi ke kawar da kai in na ɗaga ta na kanne ido ɗaya ina saitin fuskarsu, akwai wani malami a unguwarmu da yace min in ba da mai ruku'un nan zan zo ba to in bari, haka yake kiranta.

Maganar rashin dariya kuma, na ji yaran yanzu suna cewa wai dan kyamarar da tana daɗewa kafin ta ɗauka ne shi yasa ake ƙamewa. Wannan zancen na zamanin kakannin kakanninmu ne a Turai, bai shafe mu ba, duba gaban Yashicar zaka ga lamba har 500, wato kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, ko ƙiftawar ido bata kai ta sauri ba. Mutane ne basa so. Babba ya washe haƙora a abinda za a rataya a bango jikoki su gani, ana ganin rashin kamun kai ne, amarya kuma in tayi dariya a hoto sai a ce bata da kunya tana ɗokin barin gidan ubanta. Ga kuma cewa da yawa daga cikinsu hoton fasfo na aikin hajji ne ya fara kai su gaban kyamara, wasu ma da ƙyar suka yarda saboda saɓanin malamai kan hoto, toh wanda ya zauna da rabin zuciya yana istigfari ina zai yi maka dariya. Samari ne dai ranar Sallah suke zuwa situdiyo su ɗora ƙafa kan keke Raleigh su ɗaga hannun riga agogo ya fito, su kam har fari suke yi.

Sannan fim ɗin, ana ce masa 120, Kodak ce ta fito da shi tun 1901 kuma har yau ana yinsa. Naɗi ne mai takarda a baya, hoto 12 kacal yake ɗauka a wannan kyamarar, kowanne faɗinsa da tsawonsa kusan santimita 6, yafi na fim 35 girma sau uku da ɗoriya. Sha biyu fa ɗana, a biki guda mai mutum ɗari. Dole ka tsara tun a hanya, wannan na angwaye wannan na iyaye wannan na ƙawaye, kafin ka danna sai ka gyara wa mutum hula ka ja masa hannun riga ka jira yaron da ke kuka yayi shiru, su ma sun san abu ne mai tsada sai su shiga ɗaki su sako kayan da suka fi so. Kuma Yashica-D tana da wani hali, ɗana maɓallin ɗauka daban murɗa fim daban, in ka manta baka murɗa ba zata ɗora maka hoto kan hoto bata hana ka. Ya taɓa faruwa da ni da wani tsoho da 'ya'yansa suka shekara suna lallashi kafin ya yarda ya zauna sau ɗaya, na ɗauke shi na manta na ɗora jikokinsa a kansa, kafin in koma in roƙi ya sake zama Allah ya karɓi abinsa. Har yau in na tuna sai ƙirjina yayi nauyi, tun daga ranar ban sake danna ta ba sai na murɗa nan take.

Yanzu ga maganar mahaifiyarka. Kai ɗan fari ne, kuma ka san ko yanzu bata kiran sunanka, wancan yaron take cewa ko ta ce shi, a lokacin kuwa abin yafi haka tsanani nesa ba kusa ba. Yarinya ce ƙarama aka dawo da ita gidanmu wankan jego kamar yadda ake wa mai haihuwar fari, a gaban iyayenta ga dangin miji sun cika gida, ko shayar da kai sai an kore mutane an yi mata faɗa tukuna, in ka yi kuka a gaban baƙi sai ta ɗauke kai kamar bata ji ba wata ta ɗauke ka. Wannan ita ce kara, kunyar ɗan fari, ana nuna wa iyaye da surukai cewa ɗan nasu ne su suka fi iko da shi, kuma yarinya bata yi gaggawar ɗaukar kanta babba ba dan ta haihu. Da ta rungume ka a gaban kyamara ranar suna da an shekara ana zancen a dangi. Ni a ra'ayina an ɗan wuce gona da iri a wancan zamanin, yara da yawa sun tashi suna zaton ba a sonsu, kuma naji daɗi da abin ya sassauta yanzu, amma kar ka kuskura ka fassara ta da ƙiyayya dan ni na ga abinda kai baka gani ba.

Ranar da hantsi na tsayar da goggonka a tsakar gida jikin bangon ɗakin Inna tana riƙe da kai cikin farin tawul, na sunkuya ina saiti, sai ga mahaifiyarka a gefen gilashin can bakin ƙofa ta ɗan ɗaga labule, mayafi ya rufe rabin fuskarta, ta saci kallonka. Ta ga kaina a ƙasa ta ɗauka ban ganta ba, ai ba wanda yake tunanin mai kallon cikinsa yana ganin bakin ƙofa. Ƙarar kyamarar nan kuwa bata wuce ƙyas ba, ko wanda ke kusa da kai ba lallai yaji ba. Na danna. Da na shiga ɗakin duhu na wanke na ɗaga fim ɗin a fitila naga fuskarta sai da na zauna, ban taɓa ganin ƙanwata da irin wannan kallon ba. Amma na san in na buga shi haka ya shiga hannun mata ta shiga uku da tsokana, dan haka da nazo bugawa a kati sai na yanke gefen, dama haka muke yi, hoton murabba'i ne katin kuma dogo ne dole wani gefe ya tafi. Wanda ke hannunka goggo da jariri a jikin bango, in ka duba gefensa na hagu da kyau zaka ga ɗan bakin labule, a nan aka yanke ta.

Nagatif ɗin, wato fim ɗin da na wanke, yana nan ban yar ba, yana cikin wata ambulan ruwan ƙasa a akwatina na ƙarfe tare da na auren iyayenka, na rubuta shekarar a bayanta. Kuma amfanin babban fim kenan, ko ita kaɗai aka ciro daga gefen aka ƙara mata girma fuskarta zata fito tas har zanen mayafin, da fim 35 ne da sai dai dishi-dishi. Kazo da kanka ka karɓa ba aike ba, ka kai wa masu sikanin a saka maka a kwamfuta, ka riƙe shi ta gefe-gefe kar yatsa ya hau tsakiya. Amma dan Allah kar in ganshi a Facebook ko a guruf ɗin dangi na WhatsApp, tana raye kuma kunyar nan bata bar ta ba, in zaka nuna mata to ku biyu a ɗaki, ka ajiye mata a gefen gado ka fita ka bata wuri.

Ita kuma kyamarar kar ka goge idon da bakin riga, ƙurar hunturu ta shekaru tana kai zaka kankare gilashin, kuma in ka ji wani abu ya cije kar ka matsa masa da ƙarfi. Haska fitilar waya ta baya ka duba ko akwai wani abu kamar saƙar gizo a cikin gilashin, in babu to da sauran ranta. Ka taho da ita ranar da zaka zo, ka nemo Ilford ko Kodak 120 fari da baƙi guda biyu, a inuwa ake saka fim ba a rana ba, zan nuna maka yadda ake daidaita kibiyar takardar da alamar da ke ciki. Ka gaida mai ɗakinka da yaran, ka ce wa babbar ina nan ina jiran ta kawo min haddar da tayi alkawari.