Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya a kan horon ƙwaƙwalwa na niyurofidbak

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun ɗazu, na yi shiru ko wani zai yi bayani, sai na ga amsoshin duk addu'a ce, to amin ya Allah, amma dai ke bayani kika nema. Kin ce aiki da karatu sun haɗe miki, kanki kullum a ɗaure, ki karanta shafi har ƙarshe ba ki san me kika karanta ba, dare ya yi barci ya ƙi zuwa, sai kika ci karo da tallan wannan horon ƙwaƙwalwa da ake ce wa niyurofidbak wai yana kwantar da hankali ya ƙara kaifin tunani, shi ne kike son sanin ko da gaske ne kuma ko ya kai a kashe masa kuɗi. Ni na yi shi na 'yan watanni a wajen wata ƙwararriya, daga baya na sayi irin na gida da ake ɗaurawa a goshi, kuma ni irin mutanen nan ce da in na zuba kuɗi a abu sai na bi diddiginsa. Zai ɗan yi tsawo ki yi haƙuri da ni.

Farko dai ki cire tsoro, ba wuta ake jona miki a ka ba. Mutane na haɗa shi da waɗancan na'urorin masu tura lantarki ko maganaɗisu cikin ƙwaƙwalwa, wannan daban ne, shi saurare kawai yake yi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwarmu da ɗan lantarki suke magana da juna, mitsitsi ne sosai, amma ana iya ɗaukarsa ta fatar kai, shi ne gwajin EEG ɗin nan da ake yi wa masu farfaɗiya a asibiti. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara ɗaukarsa a jikin ɗan Adam a 1924. Lantarkin kaɗawa yake yi, wani lokaci a hankali wani lokaci da sauri, sai aka kasa shi gida-gida. Wanda bai kai sau 4 a daƙiƙa ba shi ne delta, na barci mai nauyi. Daga 4 zuwa 8 teta, lokacin da mutum ke gyangyaɗi bai yi barci ba bai kuma farka sosai ba. Daga 8 zuwa 12 alfa, yana fitowa in kin rufe ido kin natsu. Daga 13 zuwa wajen 30 kuma beta, na tunani da aiki, kuma masu harkar suna danganta mai saurin cikinsa da zullumi da saƙe-saƙen da ba ya ƙarewa.

Yadda zaman yake, za a goge wani wuri a fatar kanki a manna 'yan ƙananan ƙarafa da wani mai mai danƙo, a maƙala wasu a kunne, a haɗa da kwamfuta (man nan yana maƙalewa a gashi, ranar sai an yi wankin kai, wannan ba wanda ya faɗa min tun farko). Sai a kunna miki bidiyo. Duk sanda ƙwaƙwalwarki ta fitar da irin kaɗawar da ake nema hoton ya yi haske sauti ya fito tar, in ta kauce hoton ya dishe. Shi kenan fa. Madubi ne aka ajiye wa ƙwaƙwalwa ta ga kanta, da fatan in aka yi ta maimaitawa za ta koyi komawa wannan yanayin da kanta ko ba na'ura. Zama ɗaya minti 30 zuwa 45, sau biyu ko uku a sati, kuma galibi za a ce miki sai kin yi zama 20 zuwa 40 kafin a ga inda aka dosa. A nan kuɗin ke tafiya.

Kuma abin ba ƙirƙirar 'yan talla ba ne, yana da asali. A wajen shekarun 1960 wani masani a Amurka, Joe Kamiya, ya nuna mutane na iya koyon gane lokacin da alfa ɗinsu ta tashi har su riƙa ƙara ta da kansu. Wani kuma Barry Sterman a jami'ar UCLA kyanwoyi ya horar, duk sanda suka fitar da wata kaɗawa ta sau 12 zuwa 15 a daƙiƙa sai ya ba su lada, suka koya. Daga baya aka sa wasu daga cikin kyanwoyin a wani gwaji na gubar man roka mai jawo farfaɗiya, sai aka ga waɗanda aka horar sun fi sauran jurewa. Daga nan ya koma gwadawa a kan masu farfaɗiya a farkon shekarun 1970, sai Joel Lubar ya ɗauka ya kai wajen yara masu ƙiriniya da rashin maida hankali, abin da likitoci ke kira ADHD. Wato dai an faro shi ne don takamaiman cututtuka. Wannan maganar ta "zo mu ƙara miki basira" daga baya ta shigo, lokacin da kasuwa ta buɗe.

To ni me na gani? Zaman farko-farko wallahi ba komai, sai ma gajiya da ɗan ciwon kai da yamma. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne duk sanda na dage na ce sai hoton nan ya yi haske, sai ya ƙara dishewa, in na gaji na saki jiki na bar shi sai ga shi ya washe. A hankali na fara lura da abubuwan da ban taɓa sanin ina yi ba, ashe kullum haƙorana a cije suke, kafaɗuna a ɗage, numfashina iyakarsa ƙirji. Wannan lurar ita ce babbar ribar da na samu, har yau in raina ya ɓaci a wajen aiki ina saurin gane jikina ya ɗaure in kuma sauko da wuri, a da kuwa abu ɗaya sai ya cinye min yini guda. Barcina ma ya ɗan gyaru. Amma batun kaifin ƙwaƙwalwa da ƙarin hadda, gaskiya ban ga wani abin a zo a gani ba. Karatu ya fi zauna min, eh, amma don na daina zama da littafi hankalina na can wani wuri ne, ba wai kan ne ya canza ba.

Ga inda maganar take, ki karanta nan da kyau. A watannin nan sau biyu a sati ina zama a ɗaki shiru babu waya a hannuna, ga wata tana tambayata ya barci ya aiki tana saurarena tsakani da Allah, ga shi na biya kuɗi masu ciwo ina sa rai ƙwarai. Ko ba a manna min komai a ka ba ai dole in ji sauƙi. Masu bincike ma wannan tambayar suka yi, sai suka ɓullo da wata dabara. A raba mutane biyu, duka a manna musu ƙarafan a kunna bidiyo, amma rabi hoton na bin ƙwaƙwalwarsu da gaske, rabi kuma na bogi ne, abin da aka naɗa daga wani wuri yake bi, kuma daga su har mai horar da su ba wanda ya san wa ke samun wanne. A 2017 Manuel Schabus da abokan aikinsa a Salzburg ta ƙasar Ostiriya sun yi irin wannan a kan masu fama da rashin barci, sai aka ga da na gaske da na bogin duk mutanen sun ce barcinsu ya gyaru, kusan daidai wa daida, kuma da aka auna barcin da na'ura ba a ga na gasken ya yi wani fifiko ba. A 2021 ma an fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka da yara masu ADHD sama da 140, duka ɓangarorin biyu sun samu sauƙi sosai, amma babu wani bambancin kirki a tsakaninsu a kan babban abin da aka auna. Kin ga ke nan sauƙin da mutane ke ji ba ƙarya suke yi ba, suna ji ɗin, sai dai babban kasonsa daga zaman ne da kulawar da sa ran, ba lallai daga wayoyin ba.

Kar in zalunci abin, akwai sakamako masu daɗi ma. A 2003 John Gruzelier da Tobias Egner a Landan sun yi wa ɗaliban kwalejin kiɗa horon alfa da teta, alƙalan da ba su san wa aka horar ba suka ba su maki mafi kyau bayan horon. Irin wannan ne masu talla ke ɗauka su yi ta yayatawa, su haɗa da hotunan 'yan wasa. Amma mutanen da aka gwada 'yan kaɗan ne, kuma kiɗa a gaban jama'a daban, ke da kike son ki fahimci darasi bayan kin kwaso gajiyar aiki daban.

Abu ɗaya da ke ba ni haushi shi ne taswirar ƙwaƙwalwa da ake fara yi wa mutum. Za a sa miki hula mai ƙarafa 19, a fito miki da hoton kai mai kala-kala, a nuna wani jan wuri a ce kin gani nan matsalar take. Mutum ya ga ja a ƙwaƙwalwarsa ai dole cikinsa ya ɗuri ruwa ya biya ko nawa ne. Alhali jan nan abin da yake nufi kawai kaɗawarki a wurin ta bambanta da matsakaicin na mutanen da ke cikin ma'ajiyar kwamfutar, kuma rashin barcin daren jiya ko wani magani da kike sha ko kafeyin da ke cikin kofi da shayi duk suna iya canza hoton. Likitocin ƙwaƙwalwa ba da wannan taswirar suke gano ciwon damuwa ba.

Na gida kuwa, wanda ake haɗawa da manhaja a waya, 'yan ƙarafansa kaɗan ne a goshi da bayan kunne, kuma goshi wuri ne mai tsoka, lantarkin tsoka ya ninka na ƙwaƙwalwa ƙarfi nesa ba kusa ba. Ƙifta ido, haɗe gira, cije haƙori, duk suna shiga cikin abin da yake ɗauka. Ni da kaina na lura in na saki muƙamuƙina makin da manhajar ke ba ni na hawa, ko da kuwa a lokacin lissafin bashi nake yi a zuci. Yana da amfani ta wajen sa mutum ya zauna minti goma kullum, wannan kam na yarda, amma akwai lokacin da neman makin ya zama min wata sabuwar damuwa, yau na ci kaza jiya na fi haka, sai na ajiye shi.

Da ni ce ke, kafin komai zan je a duba ni. Mantuwa da gajiya da faɗuwar gaba ba kullum ne daga damuwa ba, ƙarancin jini na kawo su, matsalar tayirod, wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya, na kawo su, haka ƙarancin bitamin B12, haka minsharin nan da numfashi ke ɗaukewa cikin barci. Waɗannan gwajin jini ko na barci ne ke nuna su, kuma ko zama ɗari kika yi a gaban sikirin ba za su tafi ba. In kuma abin ya kai ga kuka ba dalili, ko komai ya fita daga ranki, ko tunanin cutar da kanki, to likitan ƙwaƙwalwa za ki gani ba tare da jinkiri ba, kuma zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam irin wanda ake kira CBT ya fi niyurofidbak hujja mai ƙarfi nesa a kan damuwa da rashin barci.

Sai numfashi, wanda kyauta ne kuma shi na riƙe har yau. Ki ja iska ta hanci a hankali har cikinki ya taso kamar daƙiƙa 4, ki sake ta a hankali kamar daƙiƙa 6, zai ba ki numfashi 6 a minti ɗaya. Ki yi minti 10 safe da dare. Ba camfi ba ne, akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta sauka zuciya da huhu da hanji, ita ke rage gudun zuciya, kuma aikinta ya fi ƙarfi lokacin fitar da iska. Kwanakin farko za ki ji kamar wasa kike yi, ki dai ci gaba. Ki haɗa da tsayar da lokacin tashi daga barci guda ɗaya, da ɗan tattaki, da ajiye waya nesa da gado, ki ba su wata guda ki gani.

In duk kin yi wannan kuma har yanzu ranki na kan niyurofidbak ɗin, ga halin yi ba tare da kin ci bashi ba, ba zan hana ki ba, haɗarinsa kaɗan ne ga mai lafiya. Amma ki tambayi mai yin me ya karanta, ma'aikacin lafiya ne ko kwas ɗin 'yan kwanaki ya yi ya sayi na'ura, wace kaɗawa zai horar kuma don me, bayan zama nawa za ku tsaya ku duba ko ana ci gaba. Kar ki yarda ki biya kuɗin zama 40 a dunƙule. Duk wanda ya ce miki yana warkar da komai da komai, ko ya ce ki ajiye maganin da likita ya rubuta miki, ki ɗauki jakarki. Mai farfaɗiya ko wani ciwon ƙwaƙwalwa da aka riga aka tabbatar kuma sai da sanin likitansa. Sannan ki samu ɗan littafi tun kafin ki fara, kullum ki rubuta awa nawa kika yi barci, minti nawa kika iya karatu ba ki ɗauki waya ba, sau nawa gabanki ya faɗi, da wannan za ki auna, ba da makin da kwamfutarsu ke nuna miki ba.

In ba damuwa ki faɗo mana ƙarfe nawa kike kwanciya ƙarfe nawa kike tashi, tun yaushe abin ya fara, da kuma ko an auna miki jini kwanan nan.