Manet mai ekran ɗin taɓawa: in sayar da PS4 ɗina ne?

Tambaya daga wani ƙanenmu mai gidan gem a Sabon Gari, nan Damagaram: "Salamu alaikum yaya. Ina da PS4 guda uku, yara na buga ƙwallo. Na ga a Facebook ana ta tallan sabuwar Nintendo Switch 2 mai ekran ɗin da ake taɓawa kamar waya, wani abokina a fada ya ce zamanin manet mai maɓalli ya wuce. In sayar da nawa in sayo irin wannan ne?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka sayar, Allah kar ka sayar, zauna in maka bayani don na daɗe ina buɗe cikin manet, wato abin da ake riƙewa a hannu ana buga gem, ina gyarawa.

Maganar abokinka ba sabuwa ba ce, an taɓa gwadawa. A watan Yuni 2011 a taron baje kolin wasannin gem na E3 can Amurka kamfanin Nintendo ya nuna na'urarsa Wii U, aka fara sayar da ita Nuwamba 2012, manet ɗinta wani faffaɗan abu ne da ekran inci 6.2 a tsakiya, kana kallon tele ga kuma wani hoton a hannunka. Mutane suka ɗauka ai shi ke nan an canza duniya. To Wii ta farko, na'urar da ta gabace ta, ta haura miliyan 100 a kasuwa, ita kuwa Wii U miliyan 13 da rabi ta tsaya, farkon 2017 aka daina ƙera ta.

Dalilan da yawa, har da sunan da ya rikita masu saye suka zaci sabon manet ne kawai na tsohuwar Wii, batirin manet ɗin ma awa uku zuwa biyar ya mutu. Amma ni abin da na fi gani shi ne ido da yatsa. Ka lura da yaranka in suna buga FIFA, akwai wanda yake sunkuyawa ya duba hannunsa kafin ya ba da fas? Babu. Babban yatsa ya haddace inda X yake da inda O yake, yana jin tudun maɓallin, yana jin lokacin da ya danne ya dawo, ido na kan tele ko ƙiftawa ba ya so ya yi. Gilashi kuwa sumul yake, ko'ina ɗaya, dole sai ka kalla ka san inda ka taɓa, kafin ka ɗago kai an zura maka ƙwallo. Shi ya sa ma masu PUBG a waya za ka ga suna sayen ƴan maɓallan nan da ake maƙalawa a gefen waya.

Nintendo sun gane. Switch da ta fito 3 ga Maris 2017 ekran ɗin ita ce na'urar da kanta, manet biyu suna gefe ana cire su, kuma da ka zura ta cikin mazauninta ka haɗa da tele ekran ɗin ya shige ciki, ba ka ma da halin taɓa shi. Switch 2 ɗin da ka gani, wadda ta fito 5 ga Yuni 2025, haka take, an ƙara girman ekran zuwa inci 7.9, manet ɗin na mannewa da maganaɗisu, amma maɓallai suna nan daram. Sony su ma tun 2013 ɗan faifan taɓawa kawai suka sa a tsakiyar manet ɗin PS4, suka bar shi a na PS5 a 2020, kuma ka sani da kanka yawancin wasanni danna shi kawai ake yi kamar babban maɓalli.

Taɓawa tana da wurinta fa, ban raina ta ba. Wajen rubuta suna, duba taswira, zane, wasannin ƙananan yara, tana da daɗi sosai, Nintendo DS ta 2004 da ɗan alƙalaminta ta haura miliyan 150.

Sai kuma garinmu. Ekran irin na waya da ɗan lantarkin jikin fata yake aiki, in yatsa ya jiƙe da gumi sai ya riƙa rikicewa, ka tuna ɗakinka a watan Afrilu da yara goma sha a ciki. Ga ƙurar hunturu, ga yaron da za a ci shi uku da nema ya buga manet da ƙasa don haushi. Manet ɗin PS4 in ƴar sandar da ake juyawa da babban yatsa ta fara tafiya da kanta ina buɗewa in share ko in canza, roban maɓalli ma ana samu a kayan da ake kawowa daga Kano, amma ekran ya fashe maganar jakkuna masu yawa ce da jiran kaya.

Kuɗin da ka tara ka ƙaro manet biyu ko uku na asali, ka nemi abin da zai kare maka na'urorin in kuran ya dawo da ƙarfi, kana hure musu ƙura duk sati. In ciniki ya buɗe sai ka sa PS5 guda ɗaya a kusurwa, ka ɗan ɗaga kuɗin wasa a kanta.