Biki a Lambu: Ina DJ Zai Zauna, Ina Za a Kafa Rumfar Hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce yayar amarya, kuma ni aka ɗora wa shirya dinar ƙanwata a wani lambu a Kaduna cikin watan Disamba. Muna sa ran mutum 300, daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 9 na dare. Mun yi magana da DJ, ƙawayen amarya kuma sun kafe sai an kawo rumfar ɗaukar hoto, har da mai juyawar nan ta 360, wadda kyamara ke zagaya mutum. Me zan lura da shi don kada mu ji kunya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin.

Ki fara sanin cewa lambu ba ɗakin taro ba ne. A ɗaki bango ne ke tare sauti ya dawo da shi, a fili kuwa tafiya yake ba waiwaye. Duk sanda nisa ya ninka, ƙarfin sauti na raguwa da kimanin desibel 6. Shi ya sa za ki ga iyayen da aka girmama da teburin gaba suna toshe kunne, na baya kuma suna tambayar me emsi ya ce. DJ da bai san aiki ba sai ya ƙara murɗa sauti, ya ƙara wa na gaba azaba. Gyaran shi ne a rarraba sifikoki. Ga mutum 300, ki nemi manya biyu masu inci 15 a kan ƙafafunsu, a ɗaga su su wuce kan mai tsaye, wajen mita 2, domin jikin mutane na shanye sauti. Sai masu fitar da dukan ganga guda biyu na inci 18 a ƙasa, kusa da filin rawa, da wasu ƙanana biyu a tsakiyar fili, kamar mita 20 daga na gaba. Teburin iyaye ya koma gefe, kada ya yi saitin bakin sifika. Emsi kuma ya riƙa tsayawa bayan layin sifikoki, don da ya kai makirfo gabansu za a ji ƙarar nan mai tsaga kunne.

Wuta ce ta fi kunyata biki a lambu. Kada DJ ya haɗa janareta da masu fitilun ado ko masu firij na lemo. Da injin firij ya tashi wutar za ta yi ƙasa, kiɗa ya katse ana tsaka da shigowar amarya. A ba shi nasa shi da mai hoto, mai kVA 7.5 zuwa 10, a cika tanki kafin baƙi su iso, a ajiye wani ƙarami a gefe. A Disamba iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, saboda haka a kai janaretan kudu maso yamma da taron, mita 25 ko fiye, hayaƙi da ƙara su bi iska su tafi. Waya ta zama mai kauri, a bi da ita ta jikin shinge ko a rufe ta da kafet. Sannan ki roƙi mai kula da lambun kada ya yi wa ciyawa ban ruwa ranar. Jiƙaƙƙen fili da wayar lantarki ba sa ga maciji, ga kuma tsinin takalma yana nutsewa.

Ki zauna da DJ da emsi mako guda kafin ranar, a rubuta tsari a takarda: waƙar shigowar ƙawaye, ta dangin ango, ta ango da amarya, da waɗanda ba a so a saka ko da wa ya roƙa. A naɗa mutum ɗaya tak da DJ zai ji maganarsa, in ba haka ba kowace gwaggo da ƙawa za ta zo da wayarta. Magariba a Kaduna a wannan watan tana yi ne ƙarfe 6 da 'yan mintuna. A kashe kiɗa gaba ɗaya na minti 20, a tanadi tabarmi da butoci. Hotunan dangi a gama su tsakanin 5 da 6, lokacin da hasken rana ya yi laushi. Batun liƙi kuma, Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 21, ta haramta watsa naira da tattaka ta, don haka a tanadi kwando ko akwati mai kyau, emsi ya sanar tun farko.

Rumfar hoto aikinta jan mutane, kuma nan ne amfaninta da matsalarta. Idan aka kafa ta a bakin ƙofa, layi zai toshe hanya. Idan aka kai ta lungu, ba mai zuwa. Ki sa ta inda ake hangowa daga tebura, amma nesa da sifikoki, domin mai kula da ita ya iya magana da baƙi. Kowane rukuni na cin kamar minti ɗaya da rabi, wato rukuni 40 a awa. Mutum 300 a huɗu-huɗu rukuni 75 ke nan, kusan awa biyu, ban da masu komawa sau uku, kuma 'yan mata sai sun koma. Ki ɗauke ta ta awa uku. A rufe ta lokacin shigowar amarya da yanka kek, kada fili ya zama wayam. Lokacin cin abinci da bayan magariba ta fi amfani, DJ ya sassauta kiɗa, emsi ya riƙa kiran tebur-tebur.

Idan mai buga hoto nan take ce, ƙura ce abokiyar gabarta. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan takarda tana barin farin ɗigo a fuskar mutum, saboda haka firintar ta zauna cikin rumfa mai labule ta ɓangaren iska. Firintoci irin su DNP DS620 na fitar da hoto mai inci 4 da 6 cikin kimanin daƙiƙa 10, naɗin takarda ɗaya kuma na ɗauke da hoto 400; a zo da na biyu.

Ta 360 ta fi son kulawa. Tana buƙatar fili shimfiɗaɗɗe na aƙalla mita 3 kowane gefe, a sa faifan katako a ƙarƙashi don kada ta karkace a ciyawa. Sandar da ke zagayawa tana iya kama gefen lafaya, mayafi ko hannun babbar riga, don haka mutum uku sun isa hawa ɗaya, a tattare tufafi, a kewaye wurin da igiya saboda yara. A ra'ayinmu, idan kuɗi bai kai na duka biyun ba, ki zaɓi mai buga takarda, domin iyaye mata sun fi jin daɗin hoton da za su sa a jaka su tafi da shi. Ko wacce kika ɗauka, ki rubuta a yarjejeniya cewa ba za a ɗora hoton kowa a Instagram ko TikTok don talla ba sai da izininki, kuma kada ki cika kuɗin aiki sai an miƙa miki dukkan hotunan a filashi.