Me ya haɗa madubin ɗakin gwaji da hirar tsofaffi a bakin Rahad?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗaliba ce 'yar Gadarif da ke gabashin Sudan, ina digiri na biyu a ilimin ƙwayoyin halitta, bincikena kuma a kan cutar kala-azar ne. Malamin da ke duba aikina ya ce kafin in ci gaba da gwaji, sai na je ƙauyukan bakin kogin Rahad na zauna da manoma da tsofaffi, na ji tarihin gonakinsu da wuraren kwanansu. Wai wani fanni ne na nazarin muhalli ta fuskar tarihi da al'adu. Ni dai gani nake ɓata lokaci ne. Me ya haɗa hira da ƙwayar halitta?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminki yana da gaskiya, ki shirya ki tafi.

Bari mu fara da abin da kika sani. Ƙwayar da ke haddasa kala-azar, wato Leishmania donovani, wadda aka raɗa wa sunan likitoci biyu, William Leishman da Charles Donovan, da suka bayyana ta a 1903, kama biyu gare ta. A cikin hanjin ƙwaron da ke yaɗa ta doguwa ce mai wutsiya. Da ta shiga jikin mutum sai makurofaj, wato sojan jikin da aikinsa haɗiye baƙin ƙwayoyi, ya haɗiye ta ya jefa ta cikin wata 'yar jaka mai ruwan tsami don ya narkar da ita. A nan abin mamakin yake. Maimakon ta narke, sai ta zubar da wutsiya, ta dunƙule, ta mai da jakar ɗakin haihuwa. Ta yi ta ninkuwa har sojan ya fashe, 'ya'yanta su faɗa wa na kusa. Shi ya sa saifa ke kumbura, hanta ta bi, ɓargo ya kasa aikinsa, jini ya ragu. In ba a yi magani ba, sama da kashi 95 cikin ɗari na waɗanda ta kwantar ba sa tashi.

Madubinki zai nuna miki duk wannan. To amma jinin wa kika ɗora a kan gilashin? A ina aka cije shi, kuma me ya kai shi can?

Ƙwaron da ke kawo ta a ƙasarmu, Phlebotomus orientalis, ɗan mitsitsi ne, bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, kuma ba ya kukan sauro balle mutum ya farga. Yana son baƙar ƙasar nan mai tsagewa da rani, da kurmin talha, wata bishiya mai ƙaya, da aduwa, wadda Larabawa ke ce wa hijlij. Ya fi yawa daga Maris zuwa Yuni, daidai lokacin da zafi ke fitar da mutane waje su shimfiɗa angarib, wato gadon igiya, a tsakar gida, yara kuma su yi ta zarya gindin bishiya da magariba. Cutar kan ɗauki wata biyu zuwa shida kafin ta nuna kanta. Wanda ya zo asibiti da kaka, wataƙila tun bazara aka cije shi, a wata gona mai nisa inda ya je sharar ƙasa. In adireshin da ke takardar asibiti kawai kika rubuta, kin ɗora cutar a kan garin da ba nata ba.

Ita ma ƙasar tana da tarihi. Tun shekarun 1940 aka fara noman injina a Gadarif, aka sare dazuzzuka don dawa da riɗi, ma'aikata suka riƙa kwararowa daga yamma da kudu duk shekara. Wani wurin sarar ta kori ƙwaron, wani wurin kuma ta tura talakawa kafa bukkoki a bakin ragowar kurmin. Tsoho ɗaya da zai ce miki "nan da kike tsaye duk talha ce lokacin da muka zo" ya ba ki abin da babu shi a kowane kundi.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. A shekarun 1990 masu bincike daga Jami'ar Khartum sun kwatanta ƙauyuka biyu a yankin Rahad, ɗaya na Hausawa, ɗaya na ƙabilar Masalit. Suka tarar a na Hausawa mutane da yawa ƙwayar ta shige su ba tare da ta kwantar da su ba, alhali a ɗayan masu kwanciya sun fi yawa. Gado ne? Abinci ne? Daɗewar zama a wurin ne? Tambaya ce ta ƙwayar halitta tsantsa, domin magana ce ta yadda makurofaj ɗin wani ke cin galaba, na wani kuma ya faɗi. Sai dai ba za ki iya warware ta ba in ba ki san me ake dafawa a gidajen ba, wa ke auren wa, kuma yaushe kakanninsu suka sauka. Mun kuma ga abin da yaƙi da yunwa suka yi a yammacin Upper Nile, cikin Sudan ta Kudu ta yanzu, tsakanin 1984 da 1994, inda aka ƙiyasta kala-azar ta kashe mutum kusan 100,000. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ɗimbin 'yan gudun hijira suka shigo Gadarif, da yawansu daga wuraren da jikinsu bai taɓa haɗuwa da ƙwayar ba. Wannan yana hana ni barci.

Ke kuma kina da abin da yawancin masu bincike ba su da shi: mace ce ke, kina jin Hausa. Za ki shiga cikin gida inda namiji zai tsaya a zaure. Uwa ce ta san daren da zazzaɓin ya fara, da sunan da suke kiran ciwon, da wurin wanzami ko mai magani da aka fara zuwa, da dalilin da ya sa wani ya gudu kafin ya cika kwana 17 na allura. Ita za ta nuna miki ƙurajen da kan feso wa yaro a fuska bayan ya warke, waɗanda a Sudan ke fitowa ga kusan rabin masu jinya, kuma ƙwaron na iya ɗaukar cutar daga cikinsu.

Ki fara da gaishe da mai gari da limami, ki nemi izinin kowa kafin ki ɗauki murya ko jini. Ki ba kowane samfuri lamba, ki rubuta lambar nan a kan hirar mai shi, don su haɗu a teburinki. Wanda kika ɗebi jininsa kuwa, ki koma da ƙafarki ki faɗa masa sakamako.