Rubu'in dinarin da ka ji a wajen ɗaurin aure

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka ji liman ya ambaci rubu'in dinari a ɗaurin auren abokinka, kana tambayar wane irin kuɗi ne wannan, alhali mu naira muke kashewa. Madalla da ka tambaya tun naka bai zo ba.

Dinari tsabar zinariya ce mai nauyin misƙali ɗaya, wato giram 4.25 a awon yau. A zamanin Manzon Allah (SAW) Larabawa ba su buga kuɗin kansu. Da zinariyar Rumawa da azurfar Farisa suke ciniki, kuma a sikeli ake ɗora su, don wata ta sha hannu ta goge, wata an ɗan yanke mata gefe. Sai a shekara ta 77 bayan Hijira Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinarin da babu hoton sarki a jikinsa, sai kalmar shahada da ayar Alƙur'ani. Dirhami kuwa na azurfa ne, guda goma nauyinsu misƙali bakwai.

A kan wannan awo malamai suka gina hukunci. Nisabin zakka dinari 20, giram 85 ke nan. Diyyar rai dinari 1,000. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu ta Malikiyya kuwa rubu'in dinari ko dirhami uku, rubu'in dinarin yana nan cikin Risala da muka karanta a zaure. Shi ya sa kake jin hukumomin zakka suna sanar da sabon adadin waɗannan a naira, in zinariya ta tashi ya tashi. Ko kakanninmu da ke ciniki da wuri, fatakensu na hanyar Gwanja da misƙali suke auna garin zinariya.

Abin da ke damuna shi ne yadda samari suka ɗauki mafi ƙaranci ya zama musu farilla. Giram ɗaya ne fa da 'yar ɗoriya. An bar ƙofar a buɗe don kada rashi ya hana talaka aure. Kai Allah ya hore maka albashi. In lokaci ya yi, ka shiga kasuwa wajen masu gwal ka ji farashin giram na ranar, ka ƙara a kai gwargwadon ƙarfinka. Ka kuma roƙi waliyyin amaryarka a damƙa mata abinta a hannu, kada ya narke cikin kuɗin kayan ɗaki, don haƙƙinta ne ita kaɗai.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka.