Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Kamfanin Gas Ya Zama Mai Wutar Birnin New York

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na ji an ce kamfanin Con Edison, wanda ke ba birnin New York na Amurka wuta, ya girmi shi kansa Thomas Edison da ake kiran kamfanin da sunansa. Yaya aka yi haka ta yiwu, kuma me ya haɗa wutar lantarki da iskar gas a hannun kamfani ɗaya? Daga wani ɗalibin aikin injiniya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne. An haifi Edison a shekarar 1847, shi kuwa tushen kamfanin yana komawa ne ga 1823, lokacin da aka ba wani kamfani mai suna New York Gas Light izinin shimfiɗa bututu a ƙarƙashin titunan birnin. Gas ɗin wancan zamani ba daga rijiya ake haƙo shi ba, a masana'anta ake dafa kwal da makamantansa a tara iskar da ta fito, kuma amfaninsa haske ne, ba girki ba. Da magariba ma'aikaci kan bi titi da doguwar sanda yana kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya, da asuba ya dawo ya kashe.

Da sana'ar ta yi albarka sai kamfanoni suka yi yawa, kowa na tona titi yana binne nasa bututun, suna karya wa juna farashi. Ana cikin haka Edison ya shigo da abin da zai iya kashe musu kasuwa gaba ɗaya. Ranar 4 ga Satumba, 1882, tasharsa ta titin Pearl da ke kudancin Manhattan, tsibirin da ke tsakiyar birnin, ta fara aiki, ta haska ofisoshin unguwar hada-hadar kuɗi, ciki har da na attajiri J. P. Morgan. Masu sayen wutar a ranar farko ba su kai 100 ba, amma masu gas sun gane inda aka dosa, domin fitilar da ba ta hayaƙi, ba ta cinye iskar ɗaki, ba za a daɗe ana yi mata gardama ba. Shekara biyu bayan haka, a 1884, shida daga cikinsu suka haɗe suka zama kamfanin Consolidated Gas, wato haɗaɗɗen kamfanin gas.

Dabarar da suka yi daga nan ita ce amsar rabin tambayarka na biyu. Maimakon su tsaya yaƙi da lantarki har ya binne su, sai suka yi amfani da dukiyar gas suka riƙa sayen kamfanonin lantarki, har a 1901 kamfanin da ya gaji na Edison ya koma ƙarƙashinsu. Shi Edison tuni ya fita daga harkar. Da cinikin wuta ya zarce na gas nesa ba kusa ba, sai a 1936 aka sauya suna zuwa Consolidated Edison, wanda mutanen birnin suka taƙaita zuwa Con Ed. Gas kuwa bai mutu ba, aiki ya sauya: ya bar fitila ya koma murhu da ɗumama gidaje. A yau kamfanin yana da masu sayen wuta fiye da miliyan 3 da rabi, da masu sayen gas fiye da miliyan 1, a birnin da kuma yankin Westchester da ke arewa da shi.

TAMBAYA: Malam, a hotunan New York nakan ga farin hayaƙi na fitowa daga tsakiyar titi, wani lokaci ta cikin wani dogon bututu mai ratsin fari da ruwan lemo. Gobara ce ko gas ke yoyo? Daga wata mai karatu.

AMSA: Ko ɗaya, Malama, tururi ne. Wannan ita ce sana'a ta uku ta Con Edison, kuma ita ma a 1882 aka fara ta, a hannun wani kamfani daban da daga baya ya narke a cikinsa. Ana tafasa ruwa a manyan tashoshi a tura tururin ta bututun da tsawonsu ya haura mil 100 a ƙarƙashin Manhattan, manyan gine-gine su saya don ɗumama ɗakuna, asibitoci su tsabtace kayan aiki da shi. Abin da kike gani yawanci ruwan sama ne ko na ƙarƙashin ƙasa ya taɓa bututu mai tsananin zafi, wani lokaci kuma ɗan yoyo ne. Dogon bututun ana kafa shi ne don ya ɗaga tururin sama, kada ya ƙona masu tafiya a ƙasa ko ya rufe wa direbobi ido.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, idan kamfani ɗaya ne kaɗai ke da wayoyin gari, me zai hana shi ya tsuga kuɗin da ya ga dama? Ta ina ribarsa ke fitowa? Daga wani ɗan kasuwa.

AMSA: Alhaji, tambayarka ta taɓa zuciyar al'amarin, kuma a ganina duk wanda bai fahimci wannan ba bai san irin wannan kamfani ba. Ba ya yiwuwa kamfanoni biyar su ja wayoyi biyar zuwa gida ɗaya, saboda haka hukuma ta amince ya zama shi kaɗai a yankinsa, amma da sharaɗi biyu: dole ya ba duk wanda ya nema, kuma ba shi zai yanke farashi ba. Mai yankewa ita ce hukumar kula da kamfanonin hidimar jama'a ta jihar New York, wadda aka kafa a 1907. Idan kamfanin na son ƙari, sai ya shigar da buƙata, a shafe watanni ana bin lissafinsa, ƙungiyoyin masu saye da gwamnatin birni su kawo ƙorafinsu, sannan a yanke.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, ba a kan ita kanta wutar yake cin riba ba. A ƙarshen shekarun 1990 jihar ta raba samar da wuta da rarraba ta, kamfanin ya sayar da mafi yawan tashoshinsa, har da tashar nukiliya ta Indian Point da ya miƙa wa kamfanin Entergy a 2001. Yanzu sayo wutar yake yi a kasuwa, ya ɗora kuɗinta a takardar mai saye yadda ya saya, ba ƙari. Ribarsa tana kan dukiyar da ya binne: wayoyi, bututu, tiransifoma, ƙananan tashoshi. Hukuma ta yarje masa wani kaso a kan jarin masu hannun jari, wanda a 'yan shekarun nan yake wajen kashi 9 cikin 100, wato duk dala 100 da suka zuba za ta iya kawo musu kusan dala 9 a shekara.

Wannan tsari ya sa ake ɗaukar hannun jarinsa a matsayin ajiyar masu fansho, amma an taɓa girgiza. Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo bayan takunkumin sayar da mai da ƙasashen Larabawa suka saka a 1973, kamfanin, wanda a lokacin yawancin tashoshinsa da mai suke aiki, ya kasa biyan ribar hannun jari a watan Afrilun 1974, karo na farko tun 1885, sai da hukumar wutar jihar ta sayi tashoshinsa biyu da ba a gama ginawa ba kafin ya numfasa. Shekara uku bayan haka, a daren 13 ga Yuli, 1977, tsawa ta faɗa wa manyan layukansa a arewacin birnin, wuta ta ɗauke kusan awa 25, aka wawushe shaguna, aka kama dubban mutane. A watan Oktoban 2012 kuma guguwar Sandy ta tura ruwan teku cikin wata tasharsa da ke bakin kogi, kudancin Manhattan ya kwana da kwanaki cikin duhu. Bayan wannan ya kashe kimanin dala biliyan 1 wajen ɗaga na'urori da gina katangun tare ruwa, kuma wannan kuɗi ma ya shiga cikin jarin da ake biyansa riba a kai.

A nan ne nake ganin ya kamata a sa ido. Tunda riba tana bin yawan abin da aka gina, kamfani zai fi son ginawa a kan tsimi, kuma ba wanda ke tsakaninsa da aljihun talaka sai hukuma. Idan ta matse shi fiye da kima, wayoyi su tsufa, a sha duhu. Idan ta sakar masa, mai ƙaramin ƙarfi ne zai biya, a birnin da kuɗin wutarsa yana cikin mafi tsada a Amurka. Matsalar ta fi fitowa fili a ɓangaren gas. A ƙarshen 2021 birnin ya yi dokar hana jona gas a yawancin sababbin gine-gine, alhali tsofaffin bututun ƙarfe da ke ƙarƙashin tituna dole a ci gaba da sauya su don kada su yi yoyo su fashe. Bututun da aka binne bana ana biyan kuɗinsa ne a hankali cikin gomman shekaru, kuma idan masu hali suka koma murhun lantarki, ragowar bashin zai hau kan waɗanda ba su da kuɗin sauya murhu da na'urar ɗumama gida, galibinsu masu haya a tsofaffin gidaje.