Tambaya da amsa: ruwa ya ɗauke, ya zan yi da lambun bayan ɗaki da ɗiyan akuyata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama, ina maki fatan alheri. Ni matar aure ce anan Daura, ina da ɗan fili a bayan ɗakina da nake shuka kuɓewa, yakuwa, alayyahu, tumatir da barkono kaɗan duk damina. Yanzu ruwa ya ɗauke, kuɓewar ta daina 'ya'yan kirki, ganyen tumatir duk ya murɗe yayi rawaya, maigida yace in buɗe ma awaki su cinye kawai sai baɗi in Allah ya kaimu, ni kuma raina bai so ba. Akwai abinda zan iya yi da wurin lokacin sanyi ko sanyin zai kashe komai? Sannan akuyata na da ciki inaga cikin Disamba zata haihu, bara ɗiyanta 2 duk sanyi ya kashe mani su, kuma ina da mussa. Na iya saƙa da ɗinki, shine nake tunanin in saƙa masu 'yan riguna har da mussar, ko hakan na da amfani?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara ma hannu albarka. Toh bari in fara cire maki tsoron sanyin nan, domin kayan lambu irinsu tumatir, latas, karas, albasa, kabeji da lansir babu lokacin da suka fi so a ƙasarmu kamar hunturu. Ki duba masu noman rani a Ajiwa da Jibiya, ko nan kusa daku Sabke da Daberam, ko lambunan Ƙofar Marusa a cikin Katsina, ai sai ruwa ya ɗauke suke fara aikin gaske. Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba, ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 da 'yan kai ba, kuma damshin damina shi ke kawo ma tumatir cututtukan ganye. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska ta bushe, dare da sanyi, rana da haske, furen tumatir na kamawa yayi 'ya'ya. Da zarar Maris ya shigo zafi ya doshi 40 furen zai riƙa zubewa. Kinga wata 4 gareki masu kyau, kar ki bari su wuce.

Maganar maigida akwai gaskiya a cikinta ta wani ɓangare, awaki su ci ganyen kuɓewa da na yakuwa ba laifi, amma sai bayan kin gama kwashe rabonki, kuma a yanko a kai masu, kar a buɗe masu wurin. Ganyen tumatir kam kar a basu, ba abincin dabba bane.

Rabonki na farko iri ne. Ki zaga cikin kuɓewar ki zaɓi gindi 2 ko 3 waɗanda suka fi lafiya da yawan 'ya'ya tun farkon damina, ki ɗaura masu ɗan tsumma don yara su san ba'a taɓawa, ki bar 'ya'yan su bushe a jikin uwar har su fara tsagewa, in kin girgiza kiji suna ƙara. Kuskuren da nake yawan gani shine mace ta cinye masu kyau duka sai ragowar ƙarshe da suka ƙanƙance ta ajiye a matsayin iri, baɗi kuma tace ƙasa ce ta gaji. Yakuwa ma haka, ki bari zoɓon ya ƙosa ki ɓare, ki shanya shi daban, gurguzun ki ajiye. Alayyahu ki yanko kan da ya bushe ki murza a faranti ki sheƙe. Tumatir kuwa sai kin duba daga ina kika samo shi, in irin fakiti ne da aka rubuta F1 a jiki kar ki wahalar da kanki, 'ya'yanshi basa fitowa kamar uwarsu, sai dai ki sayi sabo. In na gida ne ki matse nunanne a kofi da ruwanshi, ki barshi kwana 2 zuwa 3 har yayi ɗan kumfa a sama, ki wanke, waɗanda suka nutse ƙasa sune masu kyau, ki shanya a inuwa. Duk irin da ya bushe ƙayau ki zuba a kwalba mai murfi da ɗan tokar murhu da aka tankaɗe, ki rubuta sunanshi da shekara a jiki, ki ajiye inda babu zafi, ba saman kicin ba. Kafin shuka ki gwada, ƙwaya 10 a cikin jiƙaƙƙen tsumma, in 7 sun tsiro irin na nan da ranshi.

Sauran kuɓewar da bata ƙosa ba ki yanka ki shanya, yakuwa da alayyahu da zogale a shanya su a inuwa cikin ɗaki ko rumfa don su riƙe korensu, tumatir da ya rage ayi kauɗa. Ki rufa tsohon gidan sauro a kai saboda ƙura da ƙuda. Barkono da attarugu kar ki tuge su, ba shukar damina ɗaya bace, ki rage masu rassa, ki zuba taki, ki riƙa basu ruwa zasu sake tohowa. Zogale in yayi tsawo ki sare shi daidai ƙugunki.

Yanzu ga abinda nake so ki natsu ki duba da idonki. Lokacin da zaki tuge kuɓewa da tumatir kar ki jefar, ki kakkaɓe ƙasar ki kalli saiwar. In kinga ta kumbura tayi ƙulli-ƙulli kamar carbi, toh wasu tsutsotsi ne da ido baya gani suke cikin ƙasar, kuma ƙasa mai yashi irin taku ta Daura ita suka fi so. Sune ke sa kiga shuka tana yaushi da rana alhali kin bata ruwa da safe. Akwai wani gida da na shiga a cikin Katsina, matar shekara 3 tana zuba takin zamani ma kuɓewarta tana cewa an yi ma wurin baki, na tuge gindi ɗaya na nuna mata, saiwar duk ta cure kamar citta. Wake ma nada ƙulli a saiwa amma nashi na alheri ne, ƙanana ne kuma in kika murza da yatsa suna fita, wancan kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura. Saiwar wake ki barta cikin ƙasa. Mai cutar kuma da duk karan tumatir ɗin nan da ganyenshi ya murɗe ki tara ki ƙone, kar su shiga ramin taki. Wurin da kika ga ƙullin kar ki maida mashi tumatir, kuɓewa, karas ko latas bana, ki sa albasa ko tafarnuwa ko masara, sun fi jure mashi, kuma ki cika wurin da ruɓaɓɓen taki.

Takin kina dashi a gida tunda kina kiwo. Ki haƙa ɗan rami a gefe, ki riƙa zuba kashin awaki da ganyen da bashi da cuta da ɓawon kayan miya da ɗan toka, ki yayyafa ruwa, ki juya duk bayan sati 2, cikin wata 2 zuwa 3 zai koma baƙi mai ƙamshin ƙasa. Na shukar yanzu ki nemi tsohon taki wanda ya riga ya kwana biyu. Ɗanyen kashin kaji na ƙone shuka, ɗanyen taki kuma na sa karas ya fito da ƙafafu biyu uku.

Abinda zai yanke maki girman lambun ruwa ne, don haka ki fara lissafi kafin ki ɗauki fartanya. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2 na shan kusan lita 10 kullum a rani, kenan jarka ɗaya mai lita 25 ta ishi fangali 2 har da ɗan saura. In 'yan ga-ruwa kike saye ma ruwa ni shawarata kar ki wuce fangali 3 ko 4, ƙaramin wuri da ya ƙoshi ya fi babban da ake ja ma rai. Fangalin ya zama ya ɗan nutse ƙasa, ba kunya irin ta damina ba, don ruwa ya tsaya. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya duk ki tara a bokiti, na omo da na wanke-wanke mai maiƙo banda su. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko karan gero da aka farfasa a saman ƙasar, sai dai ki riƙa ɗagawa kina duba gara. Gefen gabas da arewa inda iskar hunturu ke bugowa a kafa zana ko darni, iskar nan ta fi sanyin ɓarna, tana busar da ganye cikin yini ɗaya.

Tumatir, albasa, latas da kabeji ana yafa su a ɗan wuri ko a tsohon baho sannan a dasa, tumatir sati 3 zuwa 4, albasa sai ta kai sati 6, kuma dashe da yamma akeyi. Karas baya son dashe, inda zai zauna ake shuka shi, wajen wata 3 ya isa cira. Lansir sati 2 zuwa 3 kin fara yanka. Irin albasa ki sayi na bana, wanda ya shekara da yawa baya fita. Kuɓewa ki barta sai Fabrairu in zafi ya fara, cikin sanyi tsayawa takeyi cak. In zaki sa tumatir ki riƙa leƙa ganyen duk safiya, in kinga farin tabo a cikin ganye kamar an ƙwaƙule cikinshi toh sharon ce, tsutsar nan da ta cinye tumatir ɗin Arewa a 2016, a lambun gida hannu ya fi mata, ki tsinke ganyen ki ƙone, ki jiƙa dakakkun 'ya'yan bedi su kwana ki tace ki fesa da yamma.

Toh sai batun riguna. Mussa lafiyayya babba bata buƙatar riga, gashinta ya isheta, kuma rigar na hanata lasar jikinta, tana iya maƙalewa a ƙusa ko kan katanga ta shaƙe ta. Abinda ma ya fi ban tsoro shine zaren ulu, suna son wasa dashi, in ta haɗiye dogon zare yana naɗe hanji har ya yanka, kuma in kin taɓa ganin zare ya leƙo ta bakinta ko ta bayanta kar ki ja, asibitin dabbobi za'a kaita. Don haka ulu da kwarashi da allura a riƙa rufe su in an tashi daga saƙa. In kina son yi mata abu ki samu kwali ki yanke ƙofa a gefe, ki ɗinka 'yar katifa da tsummokaran atamfa, ki ajiye a lungun da iska bata shiga. Kuma don Allah ko tana mura kar a bata farasitamol, kashe su yake.

Ɗiyan akuya kuwa tunaninki daidai ne, kwanakin farko basa iya riƙe ɗumin jikinsu kuma asubar Disamba da Janairu a wajenmu sanyi na sauka har 12 ko 13. Amma riga ita ce ta uku. Na farko a goge su su bushe da zarar sun faɗo in uwar bata lashe su da kyau ba, kuma a tabbatar sun kama nono cikin awa 1 zuwa 2, wannan nonon farko mai kauri shine ɗuminsu shine rigakafinsu. Na biyu makwanci, a kange turken da zana ko buhu ta gefen iska, ƙasa a bushe, a shimfiɗa ciyawa, a riƙa kwashe mai fitsari. Mafi yawan waɗanda ake cewa sanyi ya kashe, jiƙaƙƙiyar ƙasa da yunwa ne suka haɗu masu.

Rigar ba sai kin ɓata ulu mai tsada ba. Hannun tsohuwar suwaita ta gwanjo ki yanke, bakin hannun nan mai roba shine wuya, ki huda wurin ƙafafun gaba guda 2 ki bi bakin da ɗinki don kar ya warware, tsawonta ya tsaya kafin ƙugu. Yatsunki 2 su iya shiga tsakanin wuyanshi da rigar. In saƙawa zaki yi ki matse saƙar, banda igiya, banda maɓalli, banda beza, akuya komai taunawa take. Bindi da bayanshi a barsu a buɗe domin ta nan uwar ke sunsunawa ta gane ɗanta, in ta ji baƙon ƙamshi tana iya tunkuɗe shi, shi yasa nake goga rigar a jikin uwar kafin in sa mashi. In namiji ne ki yanke cikin rigar sosai ta ƙasa saboda fitsari, jiƙaƙƙiyar riga ta fi babu illa. Ki yi ma kowane guda 2 don canji, a sa da magariba a cire da hantsi, sati 1 zuwa 2 ya isa.

Na bara da suka mutu, in kin tuna sunyi majina da zawo da gyambo a baki, musamman in har manyan ma sun kwanta, toh ba sanyi kaɗai bane, akwai cutar awaki da tumaki da likitocin dabbobi ke kira PPR wadda ke yawan tashi da hunturu, tana kuma shigowa ta dabbar da aka sayo daga kasuwa aka haɗa da na gida kai tsaye. Tana da allurar rigakafi da ake haɗawa a Vom kusa da Jos. Ki sa maigida ya je ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma tun yanzu ya faɗa masu akuyar na da ciki da watannin cikin, su zasu tsara lokacin da za'a yi ma ita da sauran, ɗiyan kuma sai sun kai wata 3 zuwa 4. In kin tuge kuɓewar ki ɗauko mani hoton saiwar in gani kafin ki yanke inda zaki sa tumatir ɗin.